Gida Ɗaya, Ƙofa Ɗaya

"Sun rufe makarantar, Auta."

Malam ne ya faɗa, yana tsaye a kantin maganin da take aiki, da ƙurar alli a hannun rigarsa. Ba ta ɗago ba. Tana sauke madarar jarirai da wa'adinta ya wuce ba a saya ba, tana jera maganin hawan jini a gurbinta.

"Na ji. Dama ajin naka rabinsa kujeru ne."

"An mayar da ni ƙetaren gada, inda yaran suke. Na kama ɗaki da falo a saman bene. Mu yi auren mu tafi, zuciyata... na gaji da jira."

"Abba fa?"

"Kullum Abba fa!"

Unguwar ta masu hali ce, kuma ta tsufa. Waɗanda suka gina ta sun yi ritaya, 'ya'yansu sun watse, gidajen sun yi tsadar da sabbin ma'aurata ba sa ko tayawa. Yayyen Auta duk sun yi nisa. Tun rasuwar Umma ita kaɗai ta rage wa Abba, a gidan da ba a buɗe yawancin ɗakunansa sai ranar shara.

"Akwai sashen baya," ta ce.

"A fasa mini ƙofata daban, na yarda, ko kullum zan tsallaka gada. Amma in riƙa ratsa falon surukina da takalmi a hannu? A'a, Autata."

Ƙofar ce matsalar. Dokar ƙungiyar unguwar ta ce gida ɗaya, ƙofa ɗaya, kicin ɗaya. Abba ne ya kawo ta lokacin yana shugaba, don kada a tsattsaga gidaje a zuba 'yan haya.

A gida ta gaya wa Abba, tana miƙa masa magani. Ya haɗiye, ya kora da ruwa.

"Malamin nan naki, girman kansa ya fi albashinsa."

"Abba..."

"Ɗauko mini sandata ranar taron ƙungiya."

Ta raka shi. Zauren cike yake da furfura. Abba ya miƙe ya roƙi a sassauta dokar, ko don 'ya'yan gida. Maƙwabcinsa, tsohon alƙali, ya gyara tabarau.

"Kai da bakinka ka ce mana ranar da aka fasa ƙofa ɗaya, darajar unguwa ta tafi. Ko ka manta?"

"Ban manta ba. Lokacin akwai yara a titi."

Aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Hannun Abba ne kaɗai ya tashi. Ya bar shi a sama har aka wuce zuwa maganar fitilun titi.

A hanyar gida suka bi ta filin wasa. Lilon ya yi tsatsa, ciyawa a gyare, babu kowa.

"Ki aure shi," Abba ya ce.

"Wa zai ba ka magani?"

"Na iya haɗiyar ƙwaya tun kafin a haife ki."

"Kai kaɗai a gidan nan, Abba?"

"Ni na rubuta dokar. Zan zauna da ita."

Ta juya kai ta goge idonta, shi kuma ya yi kamar bai gani ba.

An ɗaura auren, ta tare a ƙetaren gada. Kullum ta kira shi sai ya ce lafiya lau, tana jin muryarsa na amsa kuwwa a falon.

Wata Asabar aka ƙwanƙwasa. Abba ne, yana haki, da 'yar jaka a hannu.

"Ziyara ce kawai," ya ce wa Malam tun kafin ya gaishe shi. "Wane mugun ne ya gina matattakalar nan?"

Suka zaunar da shi kusa da taga. A ƙasa yara na buga ƙwallo, ana ihu, wata uwa na ƙwala wa ɗanta kira.

"Yaran nan ba su da iyaye ne? Ina mutum zai ji kansa!"

Malam ya tashi da sauri zai rufe tagar.

"Bar ta," Abba ya ce.