Minti Ukun Baba

Ranar da ta fara ganinsa, ji ta yi kamar ta shaƙe shi. Tana tsaye gaban kwamitin majalisa, ana jin ra'ayin jama'a kan ƙudirin da zai hana a tsare mutum fiye da wata uku ba a kai shi gaban alƙali ba. Bakinta ya fara zafi ke nan sai ƙararrawa ta kaɗa. Magatakardan kwamitin ne, wani siririn saurayi mai tabarau, yatsansa kan ƙararrawar tebur, idonsa kan agogo.

"Minti ukunki sun cika, Lauya."

A bakin matakala ta tare shi. "Malam Mai Ƙararrawa, kai ko tausayi ba ka da shi?"

"Ina da shi mana, agogon ne ba shi da shi. Kawo sauran jawabin in saka a rahoto."

Ta miƙa masa takardun, lambar wayarta na saman shafin farko. Kafin ta isa ofis saƙo ya shigo: "Na karanta duka, sai da na yi minti goma sha ɗaya. A yafe mini takwas ɗin da na ci miki."

Shi ke nan fa, Lauya ta kamu. Mai tsare alƙali da ido ta koma leƙen waya a ƙarƙashin tebur, tana murmushi ita kaɗai. Wata huɗu ba su cika ba ya ce zai turo magabatansa.

Baba ya ce atafau. Kuma ba za a ga laifinsa ba. Shekara shida ya yi a gidan yari yana jiran shari'ar da ba a taɓa zamanta ba, wai fayil ɗinsa ya ɓace. Tana 'yar shekara tara aka tafi da shi, dalilin da ya sa ta karanta lauya ke nan.

"Ma'aikacin gwamnati?" in ji Baba. "Masu je ka ka dawo? Irinsu ne suka cinye mini ƙuruciya. Ga abokin aikinki nan mai kwat, me ya yi miki?"

Mai kwat ɗin kuwa bakinsa kamar rediyo, ba abin da yake yabo sai kansa.

Da aka sa ranar zama na biyu, ta lallaɓa Baba har ya yarda zai ba da labarinsa. Sai dai Baba ba ya sauri a magana, gaisuwa kaɗai takan ci masa minti biyu. Ta tura saƙo: "Nawan, alfarma ɗaya. In Baba ya tashi, ka manta da ƙararrawar nan. Aurenmu na kanta."

Amsa ta zo: "Ba zan iya ba, Lauyata. In na ɗaga wa surukina ƙafa, da wane ido zan kalli uban wani? Ki dai yarda da ni."

Ranta ya ɓaci matuƙa. Sati biyu ba ta ɗaga kiransa ba. Ta buɗe saƙon, ta rufe, ta sake buɗewa. Ta tashi daga kujera ta koma taga, ta bar taga ta dawo kujera. Tana kewarsa, tana kuma jin haushinsa, ta rasa wanne ya fi.

Ranar zaman, Baba ya kai daidai inda aka sa masa ankwa, ƙararrawa ta kaɗa. Ta runtse ido, ta ce a ranta magana ta ƙare.

Sai ta ji muryar magatakarda: "Ranka ya daɗe shugaba, ƙa'ida ta goma sha bakwai ta ce duk wanda ya yi rajista zai iya bai wa wani lokacinsa."

Wata tsohuwa ta miƙe daga baya. "Na ba shi nawa."

Baba ya ci gaba. Bayan minti uku ƙararrawa ta sake kaɗawa, wani direba ya miƙe. Sai malamar asibiti, sai tela. Ko sau ɗaya magatakarda bai fasa kaɗawa ba, kuma duk kaɗawa da mai miƙewa. Mai kwat dai, da shi ma ya yi rajista, ya duƙufa kan takardunsa, bai ba da ko daƙiƙa ba. Ashe sati biyun da take fushi, gida-gida magatakardan yake bin masu rajista bayan an tashi aiki. Baba ya kai ƙarshen labarinsa, ita kuwa hawaye ya ƙi tsayawa.

A matakalar nan Baba ya tsayar da magatakarda. "Sau goma sha biyar ka katse ni."

"Haka ne, Baba."

"Da irinka ne ya riƙe fayil ɗina, da a gabana yarinyar nan ta girma. Ka turo magabatanka."

Har aka ɗaura aure 'yan majalisa na ta ja-in-ja kan ƙudirin. Da aka zo kai amarya, Baba ya zaunar da su zai yi nasiha, ya dubi ango.

"Minti nawa ka ba ni?"

Ango ya zare hannun riga, ya nuna masa babu agogo. Baba ya yi dariya har da share ido, ya ɗora hannu a kansu.

"Allah Ya yi muku albarka. Allah Ya sa kowannenku ya saurari ɗan'uwansa har ya gama."