Tuta Rawaya a Jirgin Lemo

A zamanin jiragen ruwa masu tafiya da iska, an yi wani mutum a Amurka mai shigo da jirage tashar garinsu. Dokar garin ita ce, jirgin da ya kwaso cuta ya ɗaga tuta rawaya, ya jira a nesa.

Rannan ya hau jirgin ƙanensa don ya shigo da shi tasha, sai ya ji nishin masu zazzaɓi.

Ya ce, "Ɗaga tuta."

"Haba Yaya, lemo na ɗauko, ruɓewa zai yi."

"Ɗaga tuta."

"Ciki ɗaya muka fito fa."

"Wadda ta haife mu tana cikin garin nan. Ɗaga tuta."

Ƙanen ya ɗaga. Lemo ya ruɓe tas, zazzaɓi bai shiga gari ba. Tsohuwarsu kuwa ta ƙara shekara goma tana yi musu faɗa.