Maɓallin da Ba Shi da Suna

Da la'asar sakaliya ranar Juma'a Malam Titus ya tada moto, wato babur, daga Tibiri ya nufi Maradi, da kile ɗin USB, ɗan ma'ajin da kiɗansa ke ciki, rataye a wuya kamar laya. Washegari za a ɗaura auren 'yarsa Febi a majami'a, kuma wata uku ya yi yana rubuta mata kiɗan shiga a ordinatar, wato kwamfuta, na gogunan Turawa manya da ƙanana. Shi ne shugaban mawaƙan majami'ar, shi ya sa ake ce masa Metir, wato malam. Tun da ya koyi karatun nota, wato rubutun kiɗa, ko atishawa ka yi kusa da shi sai ya gaya maka Do ce ko Sol.

Rubutun ya ƙare tuntuni. Ƙaurar da shi ce ta gagara.

A lojisiyel ɗin, wato manhajar da yake rubutu da ita, bisa kowace nota akwai alamar yadda za a taɓa tsirkiya: nan a ja baka a hankali, nan a tsinka da yatsa, nan a sa ta karkarwa. Amma haɗa kiɗa da murya sai a sutudiyon Abdu da ke unguwar Zariya, shi kuma wani lojisiyel ɗin yake aiki da shi. Notoci suna ƙaura lafiya lau. Alamomin ne ke ɓata a hanya. Rumbun sautin gogunan bai san alama ba, maɓalli ya sani. Can ƙarshen hagu na kilabiye, allon maɓallan kiɗa, akwai wasu maɓallai da ba su fidda sauti, aikinsu kawai su ce wa goguna su sauya hannu. Sai an zauna an jera su ɗaya bayan ɗaya a tebur, wato jadawali: wannan na ja, wannan na tsinka.

Kwana uku ke nan suna jerawa.

"Baban amarya, ka dawo?" in ji Abdu, yana goge zufar ƙeya da hularsa. Mutum ne mai tumbi da haƙuri, amma tumbin ne kaɗai bai ragu ba a kwanakin nan.

"Kunna mu ji."

Abdu ya kunna. Inda aka rubuta a ja a hankali, goguna suka shiga tsinke-tsinke kamar kaji a kan tsaba. Inda ya kamata amarya ta ɗago kai, suka kama karkarwa.

"Wanga kiɗan shiga ne ko zazzaɓin cizon sauro?" in ji Abdu.

"Injinka ne bai da tarbiyya!"

"Na hwaɗa maka tun shekaranjiya, Metir. Naka yana kiran Do ta tsakiya Do ta ukku, nawa yana ce mata ta huɗu. Duk maɓallan sun goce da bene guda."

"To ai mun saukar da su."

"Mun saukar, sun goce ta wancan gefen. Ka hau, ka sauka, ka hau. Ni yanzu ban san benen da muke ba."

Ladan ya kira magariba. Abdu ya miƙe ya ɗauki buta.

"Bari in yi salla. Kai ma ka bar kiɗa haka nan har duhu ya zauna. Wanga lokaci ba namu ba ne."

"Je ka, Abdu. Ni da ordinatar nike, ba da bori ba."

Ƙofa ta rufe. Ɗakin ƙarami ne, an manne bangonsa da kwalayen ƙwai, babu taga. Fanka na ta ƙiƙi-ƙiƙi. Titus ya sa abin kunne, ya kama ɓeran ordinatar, ya sake jerawa. Ya kunna. Tsinke-tsinke. Ya yi tsaki, ya gyara, ya kunna. Karkarwa. Ya faɗi wata kalma da ba a koyar da ita a makarantar Lahadi.

Sai haushi ya kwashe shi. Ya tattara notocin nan marasa sauti gaba ɗaya, ya ja su ƙasa. Bene ɗaya. Bene biyu. Har suka dira kan maɓalli na can ƙarshe, wanda a tebur babu komai a gabansa. Ba ja, ba tsinka, ba suna. Fili kawai.

Ya kunna.

Shiru.

Layin da ke bin kiɗa yana tafiya a ekaran, fuskar ordinatar, amma ba a jin komai. Fanka ta tsaya. Wutar ba ta ɗauke ba, fitila na nan a kunne.

Sai wari ya taso. Ƙaro mai ɗumi, irin wanda ake shafa wa izgar goge. Da gashin doki da ya sha hayaƙi. Da laka, danyar lakar Gulbi bayan ruwa ya janye.

Sai goguna suka shigo.

Jama'a, abin da Titus ya yi wata uku yana ji a cikin kansa, shi ne ya fito. Ja a wurin ja. Tsinka a wurin tsinka. Har da abin da bai rubuta ba: jan numfashi kafin kowane layi. Hawaye suka zubo masa. Ya ce, "Yauwa! Haka nike nufi!"

"Na sani," in ji wata murya.

Cikin abin kunnen take, gefen hagu, kusa ƙwarai. Muryar tsoho ce, a shaƙe.

"Abdu?"

"Kwana ukku kana wucewa ta ƙofata kana ƙwanƙwasa ta maƙwabta. Yau ka buga tawa. Sau sittin da biyu ka buga."

A ƙarƙashin gogunan Turawan akwai wani goge guda. Na gida. Tsirkiya ɗaya, mai kuka ta hanci. Shi ke jan sauran.

Titus ya cire abin kunnen ya ajiye. Kiɗan bai ragu ba.

"Ɗakin banza na samu na zauna," in ji muryar, yanzu daga bayan kujerarsa. "Ba wanda ya sa mashi suna. Kiɗan ya yi maka?"

Gaskiya Titus bai iya ƙarya ba. "Ya yi," ya ce da raɗa.

"To ka ɗauka, na ba ka. Sai dai goge ba ya kuka a banza. Wadda aka yi wa kiɗa, ita ake hawa. Wa za ni wurinta gobe?"

Titus ya dubi saman ekaran. Sunan 'yarsa na nan ɓaro-ɓaro, shi ya sa wa kiɗan. Ya kai tafin hannu ya rufe.

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Iskarta ta taɓa masa ƙeya, da sanyi.

"Ban yi lakwal ba, malam, ban iya karatu ba. Kunne gare ni. Zan ji."

Sai ya tuna. Jiya ya ɗauki muryarsa a kan kiɗan. A layi na arba'in yana rera sunanta, yana cewa ta taho.

Layi na talatin da biyu ake.

Ya danna maɓallin tsayarwa. Bai tsaya ba.

Ya fizge waya daga bango. Batirin ajiya ya ce ƙit, ya riƙe.

Talatin da biyar.

Kiɗan bai taɓa daɗi irin na lokacin ba. Wata uku. Kuma gobe ne.

Talatin da bakwai.

Wani abu ya dafa kafaɗarsa. Yatsu dogaye, masu kanta a kai.

Cikin gaggawa ya kasa ware layin muryar daga sauran. Ya zaɓe duka. Goguna, murya, tebur, komai.

Talatin da tara.

Ordinatar ta tambaye shi ko ya tabbata.

Daga lasifika ya ji muryar kansa ta buɗe baki: "Fe..."

Ya danna.

Tsirkiya ta tsinke, tas, dab da kunnensa. Fanka ta ci gaba da ƙiƙi-ƙiƙi.

Abdu ya same shi a tsakar titi, ba takalmi, yana ƙoƙarin tada moton wani. Da ya leƙa ekaran ya ga fili fetal, sai ya dafe kai.

"Metir! Mi ka yi? Da ka jira ni, ai bene guda ne ya rage mu hau!"

Titus ya nemo motonsa ya hau. A hanyar gida ya cire kilen daga wuya ya wurga cikin Gulbi. Abdu kuwa da ya shaƙi warin ɗakin, bai ƙara tambaya ba. Ya sa sukundireba ya ɓalle maɓallin ƙarshe na kilabiyensa, har yau gurbin na nan kamar wawulo.

Ranar Asabar Febi ta shiga da ganga da tafi, mata na guɗa, ita ko a jikinta. Fasto ya gyara tabarau, ya ɗauki makirfo don karɓar alkawari.

"Ke, Fe..."

Lasifikan majami'ar suka yi wani siririn kuka ta hanci, kamar ana gwada tsirkiya.

Mutane suka ce waya ce ta motsa. Amma ba su taɓa ganin mai shekara hamsin da biyar ya tsallake benci uku ba sai ran nan. Titus ya finciko wayoyin duka, ya naɗe su a hannu, ya zauna a kansu.

"Ci gaba, Fasto," ya ce yana haki. "Da bakinka kawai. Kuma a hankali."

Haka aka ɗaura auren da raɗa, na baya suna ta tambayar ko amarya ta ce i. Yanzu Febi tana Jiratawa da mijinta da 'ya'ya biyu, lafiyarta ƙalau. Abu ɗaya ne ke damunta. In ubanta ya kira ta a waya, sai ya yi ta "ke, wance, 'yar nan", kuma in ta ce, "Baba, ni ce fa, F...", sai ya kashe.