Jan Maganin Chacha Allah Ditta

Takardar Chacha Allah Ditta ta sauko ɗakinmu ana dab da kiran magariba. Chacha, wato baffa, muke ce masa. Tsohon manomin mangwaro ne daga wani ƙauye bayan garin Muzaffargarh, ciwon daji ya kama shi a wuya, kuma tun safe yake kan benci yana jiran sakamakon gwajin jini. Leda ɗaya ta jan magani za a haɗa masa. Aikin minti ashirin ne in an bar mutum ya yi.

Lokacin ina shekara ta biyu a horon ƙwarewa kan magungunan daji, a wani asibiti a birnin Multan na ƙasar Pakistan, ƙarƙashin Madam Nighat. Matar nan ba ta taɓa kiran sunana ba tare da ta yatsine fuska ba. Ta leƙo tana rataya jakarta.

"Shagufta, leda ɗaya ce. Ko ita ma sai an kira babanki ya taya ki?"

"Zan yi, Madam."

"Tabinda za ta duba miki. In na sake jin kin ɓarnatar da ko ɗigo ɗaya, ki tattara ki koma kantin unguwarku ki sayar da maganin tari."

Dokar ɗakin ita ce babu maganin da zai fita sai da mutum biyu. Ɗaya tana haɗawa, ɗaya tana tsaye a bayanta tana karanta adadi daga takarda, sannan su sa hannu. Maganin daji guba ce da ake aunawa da nauyin mutum da tsayinsa, in aka zarce zuciya ce ke tsayawa. Ni da Tabinda kuwa, abokiyar horona, ba ma ga maciji da juna.

"Fara shiri, Baji, in kurɓi shayi in zo," in ji ta. Baji, wato yaya, ake ce mini a asibitin. "Ai ke gwana ce, ko ba ni ba kya kuskure."

Ta fita tana dariya. Na so in jefe ta da wani abu.

Akwai abin da nake ɓoyewa tun rana. Na zuƙi jan magani cike da sirinji don wata mata, sai likita ya ɗage nata. Ƙa'ida ita ce a rubuta, a saka a kwandon guba, a kai a ƙone. Rubutawa kuwa na nufin Madam ta gani. A kusurwar ɗakin wanke hannu akwai tsohuwar magudana da aka daina amfani da ita. Na matse sirinjin a ciki, na bi shi da tafasasshen ruwan butar shayi don kada launin ya tona mini asiri. Ladan yana tsakiyar kiran salla. Ban yi bismillah ba. Ni da na sha mari wurin kakata kan zuba ruwan zafi a ƙasa da almuru, na san su waye ke zama a irin wuraren nan. Tsoron Madam ne ya rufe mini ido.

Wani sauti ya fito daga ramin, siriri, kamar na 'yar kyanwa da aka taka. Na ce wa kaina bututu ne.

Na sa riga da hula da takunkumi da safar hannu biyu, na shiga ɗakin haɗa magani. Babu taga a ciki, sai wata 'yar ƙofa a bango da muke miƙa wa nas leda. Injin zuƙe iska yana gurnani. Warin sinadarin goge tebur ya cika hanci. Na zauna na jera kaya.

Ina ɗaga kai na ga inuwar mutum a gilashin gabana. Riga, hula, takunkumi, takarda a hannu.

"Kin yi sauri," na ce. "Shayin ya ƙare ne?"

"Allah Ditta," in ji ta cikin raɗa. "Mililita ɗari da casa'in."

Talatin da takwas na lissafa. Na san haka kamar yadda na san sunana. Na waiwaya na dubi takardar, sai ga ɗari da casa'in da rubutun hannuna. Kwalba biyu na ɗauko daga firji. A kan tire na ƙirga takwas.

"Tabinda, wannan ba daidai ba ne."

"Zuƙa."

Hannuna ya ɗauki sirinji. Ban aike shi ba.

Kwalba ta ɗaya ta shiga leda, ta biyu ta bi ta. A nan ya kamata in tsaya. Yatsuna suka ɓalle murfin ta uku. Sai na tuna ƙofar ɗakin nan ba ta buɗuwa ba tare da ta yi ƙara ba, kuma ban ji komai ba.

Warin ya canja. Warin kwata ne, da na ƙonannen gashi.

"Kin auna ta?" Muryar tana daidai kunnena, amma babu ɗumin numfashi.

"Wa?"

"'Yata. Kin auna nauyinta kafin ki ba ta?"

Ta huɗu. Ta biyar. Ledar ta yi jawur, ta kumbura.

Hannu ya zo ta saman kafaɗata ya ajiye wani abu a kan tebur. Tulin gashi ne, mai laushi, irin na ƙaramin yaro. A jiƙe yake.

"A hannuna ya zube. Duka."

Na buɗe baki in yi ta'awizi. Harshena ya manne.

Ta shida. Ta bakwai.

Aka ƙwanƙwasa 'yar ƙofar bango. Muryar nas ce.

"Baji, ki taimaka. Tsohon nan ya ishe mu da masifa, motar ƙauyensu za ta tashi."

"Ba ta," in ji abar da ke bayana. "Tsohon naki ya sha yadda tawa ta sha. Ke za ki miƙa."

Ta takwas ta shiga. Na ga hannun hagu ya ɗaga ledar, na dama yana riƙe da sirinji, allura a tsaye. Ƙafafuna suka miƙe da ni. Taku biyar ne zuwa ƙofar.

Ɗaya.

Na tuno Chacha da tsohon rawaninsa. In wannan ta shiga jijiyarsa ba zai kai sati ba.

Biyu.

Hannuwan ba nawa ba ne. Ƙafafun ma haka. Nauyin jikina kaɗai ya rage mini.

Uku.

Na saki kaina gaba ɗaya, na faɗa kan abin da nake riƙe.

Allurar ta huda leda, ta huda safa biyu, ta nutse a tafin hannuna. Ja ya fantsama a rigata da ƙasa. Zafin ne ya kwance mini harshe.

"A'uzu billahi minash shaiɗanir rajim."

Fitila ta yi ƙasa ta dawo. Wani abu mai sanyi ya taɓa bayan wuyana.

"Hannu ɗaya," in ji ta. "Ya yi kaɗan. Amma na karɓa."

Nas ta tarar da ni ni kaɗai a ƙasa, cikin jan ruwa.

Tabinda ba ta bar wurin mai shayi ba, mutum goma sun gan ta. A takarda talatin da takwas ne a rubuce. Madam Nighat ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "Kin haɗa magani babu mai dubawa, kin zubar da kwalba takwas, kuma aljani za ki ɗora wa? Ko ƙarya ba ki ƙware ba." Wasiƙar ƙorafin da ɗan Chacha ya rubuta kan jinkirin maganin ce ta ƙarasa ni. Aka sallame ni daga horon saura wata biyar in gama.

Naman tafin hannuna ya ruɓe inda maganin ya shiga. Sau uku aka yi mini aiki, kuma yatsu biyu ba sa lanƙwasuwa har yau. Ba zan sake riƙe sirinji ba, abin yana cin raina kullum. An bar ni a tagar ba da magani ta ƙofar gaba, ina ƙirga ƙwayoyi.

Chacha Allah Ditta ya sha maganinsa washegari, daidai awo. Ya warke. Duk bayan wata uku yakan zo a duba shi, ya yi ƙiba, wuyan ya koma sumul. Ya iso tagata da takarda, ya gane ni, ya janye hannunsa.

"Ba wannan ba. Ita ce ta kwanar da ni a baranda sauro ya cinye ni. A kira mini wata."

Sai in matsa gefe in kira masa wata.