Kejin da Aka Rufe da Tabarma

Ana shirin kiran magariba a Kazaure, Hajiya Saude na kwashe tuwo, dutse na farko ya faɗo kan kwanon gidan. Mijinta, Malam Na'Allah, ma'aikacin sakatariya ne mai saurin hawa. Ya fita da buta a hannu yana zagin yaran unguwa, bai tarar da ko kaza a lungun ba. Yana dawowa na biyu ya faɗo gabansa, da zafinsa kamar daga murhu aka ciro shi.

Jiya-jiyan nan ya kai 'yarsa Khairiyya wani ɗan gidan namun daji a hanyar Roni don ta sha iska, saboda karatu ya ƙarar da ita. Sau biyu tana faɗuwa jarrabawar shiga jami'a, saura kwana ashirin ta zauna ta uku, kuma ta rantse in wannan ta wuce ta, ta haƙura da boko.

Wurin ma ban haushi ne. Jimina ta juya musu baya, kada ya ƙi fitowa daga ruwa, kura kuwa barci take kamar aikin da aka ɗauke ta ke nan. Duk hoton da yarinyar ta ɗauka da waya, ƙarfen keji ne ke fitowa. Can ƙarshe akwai wani keji da aka rufe da tsohuwar tabarma. Mai gadi ya ce babu komai a ciki, amma kada a ɗaga. Na'Allah ya ce ba a yi wanda zai hana shi kallo ba, ya ɗaga da hannunsa, ya ce wa Khairiyya ta ɗauki hoto.

Ido bai ga komai ba, amma a hoton sai ga inuwar mace a zaune, a lulluɓe, kanta a sunkuye. Kafin su iso gida Na'Allah ya tura wa abokan aikinsa, har da dariya.

Kwana uku ana jifa duk magariba, ana jin sallamar mace a zaure, a leƙa babu kowa. Ran na huɗu Khairiyya ta rufe littattafanta, ta cire 'yan kunne, ta ɗaura tsohon zane, ta zauna a kusurwar ɗaki tana fuskantar bango. In ubanta ya shigo sai ta ja mayafi. Na'Allah ya wuni yana kiran mutane su goge hoton. Wannan ya ce ya riga ya tura wa ƙanensa a Babura, na Babura ya ce ai ya kai Gwiwa. Takaici ya ishe shi har ya buga wayar da ƙasa.

Ranar Alhamis aka ɗauko Malam Muhammadu Lawal, mai ruƙiyya daga Achilafiya. Tun la'asar yake karatu, sai da rana ta yi ja sannan yarinyar ta buɗe baki, da muryar dattijuwa, a gajiye.

"Takaba nake yi. Mijina ya rasu, na nemi inda idon namiji ba zai same ni ba, ko da cikin dabbobi ne. Yanzu maza nawa suka kalle ni?"

Malam ya ba aljanar haƙuri, ya ce yarinya ba ta sani ba. Ta ce saura mata kwana talatin da bakwai, kuma wadda ta tona ta ita za ta taya ta zama. Ya yi mata tayin sadaka, ta ƙi. Ya roƙa a bari sai bayan jarrabawa, ta ce ina ya taɓa jin an ɗaga takaba. Da ya ce zai ƙona ta da ayoyi, sai ta ce ya ƙona, amma ya fara faɗa mata wa aka zalunta. Malam ya fasa, don ya san tana da gaskiya.

Na'Allah na tsaye a bakin ƙofa.

"Baiwar Allah," ya ce, "ni na ɗaga tabarmar. Ni na tura hoton."



"To kai za ka zauna," in ji muryar. "Ba ofis, ba kasuwa, ba turare. Ƙafarka ba za ta wuce zaure ba."

Malam ya yi ta ja-in-ja da ita, da ƙyar ya ƙwato masa sallar Juma'a. Na'Allah ya amsa ya yarda. Khairiyya ta yi atishawa sau uku, ta dubi uwarta, ta nemi ruwa.

Ya aika ofis cewa ba shi da lafiya, amma zancen bai ɓoyu ba. Abokai kan tsaya a ƙofa su ce, "Malam, ya ƙarin haƙuri?" su tafi suna ƙunshe dariya, shi kuwa ya cije leɓe.

Ranar jarrabawa ya rako Khairiyya har zaure. Ta roƙe shi ya taka mata ko zuwa bakin titi ne, kamar yadda ya yi mata sau biyu a baya. Ya girgiza kai, ya yi mata addu'a daga ciki, yatsun ƙafarsa a kan dokin ƙofa, yana leƙe har adaidaitar da ta shiga ta sha kwana. Sannan ya koma ɗaki ya zauna. Saura masa kwana ashirin da biyu.