Sunan Da Ke Kan Katin Rigakafi

Ranar da aka ƙwace mata 'yarta, Zuhra ko takalmi ba ta tsaya sawa ba! A tsakar gidan mijinta marigayi da ke Gwammaja ta durƙusa da rana tsaka, siminti na ƙona mata gwiwa, tana riƙe da bakin babbar rigar Alhaji Mailafiya, yayan mijin nata. Yarinyar kuwa tana kafaɗarsa tana tsala ihu, ƙafarta ta hagu na reto kamar tsumma.

"Yaya Alhaji, don girman Allah ka bar min ita... Wallahi ba ta cin abinci sai a hannuna!"

"Rufe min baki!" ya daka mata tsawa. "Uwar da ta saki 'ya daga goyo har ƙafa ta shanye, ita ce mai bakin roƙo? Ke da ko sunanta ba ki taɓa faɗa ba, ina ƙauna a nan?"

Allah sarki! Da gaske ne ba ta taɓa faɗa ba, amma ba don rashin ƙauna ba. Zuhra marainiya ce, jikar Larabawan fatake da suka daɗe da zama 'yan birni, a hannun Gwaggo Kulu mai alkaki ta tashi a Shahuci, kuma Gwaggo ta cusa mata kunya irin ta mutanen da. Yarinyar 'yar fari ce, ga shi sunan mahaifiyar miji aka sa mata, Ruƙayya, to ta ina bakin Zuhra zai iya? Mutanen gida Ummi suke kiranta. Ita kuwa uwar, sai sun shiga ɗaki ta saki labule take rungume abarta tana raɗa mata 'Yardada, saboda Dada ake kiran surukar tata kafin ta rasu. Daga ita sai mijinta Abdallah suka san wannan suna, shi kuma haɗarin mota ya ɗauke shi tun yarinyar ba ta iya tafiya ba.

Ba faɗuwa aka yi ba, jama'a, ko kusa! Wata uku kafin wannan rana Zuhra ta kai 'yarta asibitin unguwa aka yi mata allurar rigakafi a cinya. Kwana biyu tsakani zazzaɓi ya rufe ta, cinyar ta kumbura suntum, da kumburin ya saɓe kuma sai ƙafar ta ƙi taka ƙasa. Zuhra ta faɗa, ta maimaita, ta rantse, amma wa zai saurari matar mamaci? Alhaji ya ce faɗuwa ce, matan gida suka ce faɗuwa ce, kafin mako ya zagayo har mai kayan miya a bakin lungu ya san yadda aka yi faɗuwar, kai ka ce a gabansa aka yi. A ranar da aka ƙwace yarinyar aka watso mata kayanta waje, ta ɗora kwallayen jerenta a a-daidaita-sahu ta koma Shahuci tana kuka har muryarta ta dishe.

Wata biyar ta yi ba ta sa 'yarta a ido ba. Ta je da kanta aka rufe mata ƙofa, Gwaggo ta je aka ce Alhaji ba ya nan, alhali ga sabuwar motarsa a ƙofar gida tana sheƙi. Zuhra ta rame ta lalace, in tana murza alkaki sai hawaye ya riƙa ɗiga a bayan hannunta. Gwaggo takan ce, "Ke 'yar nan, zuma na ce ki sa, ba gishiri ba!" don dai ta ga ta murmusa, sannan ita ma ta juya ta share nata. Kullum bayan sallah addu'arta ɗaya ce: "Ya Allah, Kai ne shaidata, Ka wanke ni, Ka dawo min da ita."

Sauƙi kuwa da zai zo, sayen alkakin biki ya zo. Wata mata ce ta yi sallama da hantsi, ta tsaya tana kallon Zuhra, sannan ta tafa hannu. "Ikon Allah! Ba ke ce mai kunyar 'yar fari ba? Ni ce Malama A'isha, nas ɗin da ta yi wa 'yarki allura. Baiwar Allah, na neme ki har na gaji!"

Aka shimfiɗa mata tabarma, ta kwashe labari ta faɗa musu. Ashe kamfanin da ya haɗa maganin ya gano gurɓata a wani rukunin kwalabe, ya janye su a ɓoye, ya tura wakilinsa gida-gida da takarda. Duk wanda ya sa hannu cewa ba allura ce ta taɓa ɗansa ba, kuma ba zai kai ƙara ba, sai a sallame shi da abin rufe baki. "Ni da kaina na kwatanta masa gidanku, a zatona taimako ya kawo," in ji ta, idonta ya cika. "Yara dubbai na yi wa rigakafi suna nan garau, gobe ma zan yi, don yana ceton rai. Amma waɗannan kwalaben an cuci yara da su, kuma ba zan yi shiru ba."

Gwaggo Kulu ta dafe ƙirji. "Innalillahi... Ashe Alhaji hannu ya sa aka ba shi motar nan, ƙafar marainiya ce ke yawo da taya huɗu a Gwammaja!"

"Katinta fa?" Malama A'isha ta tambaya. "Lambar kwalbar tana jiki."

Zuhra ta miƙe ta shiga ɗaki. Alhaji ya ƙone duk wata takarda da ya gani a ɗakin ƙanensa, amma wane namiji ne zai tsaya buɗe kwallar jere? Can ƙasan ta ukun, ƙarƙashin 'yar rigar suna, katin yana nan lafiya lau. Ta rungume shi ta faɗi ta yi sujada, kuma tun da aka raba ta da 'yarta, ranar ce ta fara cin abinci ta ƙoshi.

Malama A'isha ta kai su wajen wani lauya, Barista Nazeer, mutum mai sanyin magana. Ya duba katin ya ce, "Malama Zuhra, a wasu ƙasashe doka ta ware asusu, in rigakafi ya yi wa yaro illa a biya shi diyya ba tare da shari'a ba, sai dai a taƙaita damar kai kamfani ƙara. Ke babu asusun da zan kai ki, hanyarmu kotu ce. Damar ƙarar kuwa haƙƙin yarinyar ne, ba kayan gadon da kawunta zai sayar ba." Zuhra ba ta gane rabin bayanin ba, amma ta gane na ƙarshen, ta ce, "Ni dai Barista, a ce ban yar da ita ba, a ba ni ita."

Ranar da aka zauna a kotu, lauyan kamfani ya ɗaga katin sama yana murmushi. Ya ce yarinyar da ake shari'a a kanta Ruƙayya ce, katin kuwa na wata 'Yardada ne, don haka katin wata aka aro! Alhaji Mailafiya ya dafa Alƙur'ani ya rantse cewa faɗuwa yarinyar ta yi, kuma a duk zuriyarsu babu mai wannan suna. Wayyo, ashe kunyar Zuhra ce za ta kashe ta?

Sai Malama A'isha ta miƙe ba da shaida. "Ranki ya daɗe, da hannuna na rubuta. Sau uku na tambaye ta sunan yarinya, ta ja mayafi ta rufe fuska. Matan da ke kan benci suka kwashe da dariya suna cewa 'yar fari ce, a ƙyale ta. Da ƙyar ta raɗa min wannan, ga layi ya yi tsawo, na rubuta shi haka."

Mai shari'ar, dattijuwa ce mai gilashi, ta ɗan juya biro a hannunta. Can ta sa a fitar da Zuhra waje, a shigo da yarinyar. Aka zaunar da ita a kan tebur, 'yar shekara uku da ɗoriya, ta rame, tana wasa da bakin hijabinta. Mai shari'a ta sassauta murya ta ce, "Hauwa?" Shiru. "Firdausi?" Ko ɗagowa ba ta yi ba. Sannan a hankali ta ce, "'Yardada?"

Yarinyar ta ɗago firgigit, ta waiga dama ta waiga hagu. "Na'am... Ina Ummata? Ummata ce ta zo?"

Kotu ta kaure da kabbara! Gwaggo Kulu ta manta inda take ta rangaɗa guɗa, sai da ɗan sanda ya zare mata ido, shi ma kuwa nasa idon ya yi ja. Alhaji Mailafiya gumi ya jiƙa masa hula, ya soma kame-kame, kafin a tashi ya amsa da bakinsa cewa motar nan ta kamfani ce, labarin faɗuwa kuma shi ya ƙirƙira. Daga nan aka wuce da shi kan rantsuwar ƙarya, motar ma aka kama ta, Zuhra kuma aka damƙa mata 'yarta. Matan gidan da suka yi ta yaɗa zance, washegari sai ga su a Shahuci ɗauke da kayan yarinyar, kowacce na cewa ita dama tun farko jikinta bai ba ta ba.

Bayan mako shida aka koma jin hukunci. Zuhra ta yi ƙiba, 'yarta na kan cinyarta sanye da takalmin ƙarfe da likitan ƙashi ya ba ta, har ta fara dafa bango tana takawa. Mai shari'a ta soke takardar da Alhaji ya sa wa hannu, ta ɗora wa kamfanin diyya da ɗawainiyar maganin yarinyar har ta girma. Sannan ta zare gilashinta ta dubi Zuhra.

"Malama, saura abu ɗaya. Ba na son a sake samun mai cewa ba ita ba ce. Ke ce uwarta, ki faɗa wa kotu cikakken sunanta da bakinki, a rubuta."

Hannun Zuhra ya kai ga mayafi kamar kullum. Ta waiga ta dubi Gwaggo, wadda ta koya mata kunyar, sai ta ga tsohuwar na kuka tana gyaɗa kai. "Faɗi abinki, 'yar nan. Dada ma da tana raye cewa za ta yi ki faɗa."

Ta saki mayafin, ta miƙe da 'yarta a kafaɗa, hawaye na zuba amma muryarta ba ta yi rawa ba. "Sunanta Ruƙayya Abdallah. 'Yata ce, ni na haife ta, kuma ban taɓa yar da ita ba."

Yarinyar ta ɗago ta kama fuskar uwarta da hannu biyu, ta zuba mata ido cike da mamaki.

"Umma... ashe kin san sunana?"