Ranar da Fayil ɗin Baba Ya Koma Wayam

Akwai wata yarinya mai son kwamfuta kamar me. A makaranta ta koyi rubuta wa kwamfuta 'yan umarni, ita kuma ta bi su layi-layi. Babanta shi ne mai kula da laburaren makarantar. "Uwata" yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

Ƙarshen zangon karatu ya zo. Shugaban makaranta ya ce ranar Litinin yake son sunayen waɗanda ba su mayar da littafi ba. Baba yana da fayil biyu a kwamfuta, ɗaya na waɗanda suka ara, ɗaya na waɗanda suka mayar. Ranar Asabar ya zauna a falo yana gwada su da ido, yana gyara tabarau.

Yarinyar ta ce ya bar mata. Kwamfuta za ta duba lambar kowane littafi a fayil na farko, ta neme ta a na biyu. Wadda ba ta gani ba, ta ware ta gefe.

"To, uwata," in ji Baba. "Amma ki fara yin kwafi. A kan kwafin ake aiki."

Ta ce to. Sai dai tana ɗokin ta burge shi, ta ga kwafi ɓata lokaci ne. Da ta zo wurin da za a adana sakamako, ta rasa sunan da za ta sa. Sai ta sa sunan fayil ɗin aron. Ta danna.

Ko suna ɗaya bai fito ba.

"Baba, albishirinka! Kowa ya mayar."

Baba ya yi dariya har tabarau ya zame. "Kowa? Har da yayanki, da littafin taurari ke kwana ƙarƙashin matashinsa?"

Daga ɗaki yayan ya ce shi dai ba a kira shi ba.

Ta buɗe fayil ɗin aron, ta gan shi wayam. Ashe kwamfuta ta fara share shi don ta sami wurin rubutu, sannan ta koma karantawa ta tarar ba komai.

Ta shiga kicin wajen Mama, ido ya cika da ƙwalla. A hankali ta tambaya ko za ta iya cewa kwamfutar ce ta lalace.

Mama ta goge hannu, ta dafa kanta. "Kwamfuta abin da kika ce mata ta yi. Kar ki ɗora mata. Allah na son mai gaskiya, Babanki ma haka."

Ta koma falo ta faɗi komai. Baba ya ce Allah ya rufa asiri, katunan aro suna nan cikin akwati a laburare. Amma sai an sake shigar da su ɗaya bayan ɗaya.

Haka aka yi, Baba ya je ya ɗauko akwatin. Ƙawayenta suka zo kiranta wasa, suka tafi ba ita. Yaya na karanto katunan, ita tana bugawa, yana tsokanarta da "Malama Mai Shara". Yatsunta suka yi tsami.

Ranar Lahadi da yamma suka gama. Ta yi kwafi, ta ba sakamako sabon suna, ta yi bismillah ta danna. Sunaye suka fito. Na farko na Yaya ne.

Dariya ta cika falon. Yaya ya tashi sum-sum ya ɗauko littafin taurari.

"Aikinki ya yi kyau, uwata," in ji Baba. "Me kika koya?"

"Sauri ya haifi nawa," ta ce. "Kafin in taɓa amanar wani, sai na yi kwafi. In kuma na yi kuskure, ni zan fara faɗa."